Farar Ƙasa da Tambayar Likita Hadiza

Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Yaya Agadas, yaya ƙafar nan taka? Mu nan Gidimuni lafiya lau.

Ina sanar da kai a hukumance cewa ƙanenka, majon asibiti, babban nas mai furfura, ya buga waya ya tambayi Likita Hadiza, sa'ar 'yar cikinsa. Tsarin nan ne da nake yi wa dariya, na kiran likita a Damagaram a kan masu sida, cutar ƙanjamau, wai shi ne sabon fomasiyo, wato horon aiki.

Wata mai ciki ce ta ɗaure mini kai. Kullum tana shan magani, amma gwaji ya nuna ƙwayar cutar ba ta ragu ba, ga jinjiri na tafe. Ina ta faɗa, tana ta rantsuwa.

Likita Hadiza ba ta ba ni amsa ba. Cewa ta yi, "Baba Majo, me take ci in za ta haɗiye shi?" Na koma na tambaya. Ashe farar ƙasa take ci, ita ke hana maganin shiga jiki.

Nan na tuna marigayi Majo Abdu da ya koya mana aiki, a baranda da butar shayinsa, yana kora mu gadon mara lafiya mu sake dubawa kafin ya ce uffan. Wallahi har ƙanshin shayin na ji.

Gwajinta ya yi kyau yanzu, haihuwa sai watan gobe. Ka sa su a addu'a. A gai da Zara da yara.

Wasiƙar da na ce waya ba ta koyar da aikin asibiti, ka yaga ta. Na yi kuskure.

Ƙanenka,
Ilu