Rigar da Dongmei Ta Zo da Ita

Madam Lucille,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin ranar Asabar jirginmu zai tashi. Ban taɓa rubuta wa jarida ba. A tarbiyyar da aka yi mini, ba a kai maganar gida waje. Amma ga ni a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, babu fastonmu, babu maƙwabciya, kuma wadda ya kamata in faɗa wa ita ce ba zan iya buɗe wa baki ba.

Ni bazawara ce, na haura sittin. Na yi rainon 'ya'ya huɗu da aikin wanki a asibitin garinmu a jihar Iowa ta Amurka, kuma babu ɗayansu da ya taɓa yi mini ƙarya ya kwana lafiya. Rhonda ce babba. Aurenta ya mutu bayan ɓari uku, sai ta ce za ta ɗauko marainiya daga Sin ta zama 'yarta. Da fari ban yarda ba. Na ce mata yaro ba kyanwa ba ne da mace za ta ɗauko don kaɗaici. Ta yi shekara biyu tana cike takardu ba ta fasa ba, da lokaci ya yi kuma ta ce, "Mama, ba ni da wanda zai riƙe mini jaka sai ke." Na biyo ta.

A Nanchang aka miƙa mana yarinyar. Sunanta Dongmei, watanninta goma sha huɗu. Rhonda ta raɗa mata Tessa, amma har yau ba ta waiwaya sai an ce Dongmei. An kawo ta riga kan riga kamar albasa, ko hannu ba ta iya lanƙwasawa, ga wando mai tsagaggen gindi, ga wani wari na hayaƙi da tsami. Jagoranmu Mista Peng ya ce wa duk iyalan da muka zo ɗaukar yara tare a bar yaran su kwana da kayansu. Rhonda ma ta ce idan an tuɓe, a ɗaure a leda, kada a wanke, wai shi ne abin da yarinyar ta mallaka a duniya. Na ji ta, amma ban ɗauke shi magana ba. Yaran yanzu duk abin da suka karanta a littafi ya fi abin da uwa ta gani da ido.

Washegari da safe Rhonda ta sauka ƙasan otal ɗinmu sa hannu a wasu takardu, ta bar ni in yi wa yarinyar wanka. Ina cire rigar ƙarshe na ga ƙazuwa a tsakanin yatsunta da hammatarta, ta sosa har da jini. Madam, na san ƙazuwa. A asibiti irin waɗannan kaya ba ma tsayawa tambaya, wuta ake kai su. Na tattara duka na zuba a leda, na miƙa wa matar da ke gyara ɗakunanmu, na nuna mata kwandon shara.

Matar ta buɗe ledar ta zaro rigar ciki. 'Yar rigar ɗumi ce da aka cusa wa auduga, ɗinkin hannu, an harhaɗa ta da gutsattsarin yadi. Bayanta shuɗi ne irin na kayan ma'aikata, gabanta mai ƙananan furanni ja, hannun hagu ya fi na dama tsawo. An yi maɓallanta da ƙullin zane, kuma a cikin wuya an ɗinka ɗan kifi da jan zare, inda ba mai gani sai mai tuɓe ta. Bakin hannun ya tauye saboda tsotso. Matar ta ɗaga rigar tana girgiza kai, tana nuna yarinyar, tana ta magana da yarensu. Sau biyu ta miƙo mini. Na ture hannunta, na sake nuna kwandon. Ta tafi da ita.

Da Rhonda ta dawo ta nemi ledar, sai ta ce, "Mai gyaran ɗakin nan ta kwashe!" Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ina so ki lura, ban yi ƙarya ba. Ta sauka ta ɗaga wa manaja murya, aka bincika shara, motar ta riga ta kwashe. Ta rubuta ƙara ta ba Mista Peng.

Daga ranar Dongmei ta daina kuka. Ni na ɗauka ci gaba ne. Amma ta daina cin abinci ma. Kunun shinkafa da dafaffen ƙwai da sauran yaran ke wawaso, ita sai ta kau da kai. Tana lalubar bakin hannun sabuwar rigarta, ta kai baki, ta tofar, ta ƙura wa bango ido.

Kuma a haka kullum da safe ake loda mu a bas a kai mu yawon buɗe ido, iyalai goma sha ɗaya da jarirai. Mun hau dogon benen tarihi na bakin kogi, mun je kantin tangaran, mun je lambu inda tsofaffi ke rawa da mafitai. A lambun wata tsohuwa ta tare ni ta ja wandon yarinyar ta rufe mata idon sawu, tana yi mini faɗa da yatsa. Wani ɗan ayarinmu, Dwight, mai bakin tsiya, ya ce, "Kaka, yau kin haɗu da yayarki!" Kowa ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ban kuma ga dacewar a ɗauko yara daga hannun da suka sani jiya, yau a riƙa ɗaukar su hoto a gaban gumaka ana cewa su yi murmushi ba. Na faɗa musu haka, suka ce na cika tsanani.

Nan Guangzhou ma haka ne. Likita da safe, sayayya da rana. Rhonda ta sayi rigunan siliki na kowace shekara har yarinyar ta girma, da takalma masu ƙara idan an taka. Tana ninke su tana hawaye. Maganin ƙazuwar yana aiki, wannan kam na yi gaskiya.

Jiya Mista Peng ya bugo waya daga Nanchang, yana murna. Ya ce mu kwantar da hankali, otal ɗin ya sallami matar. Rhonda ta ce, "Madalla. Gobe ta san kayan mutane." Sannan ta dafa ni ta ce, "Da ke kika gan ta, Mama, na san da ba ta isa ba." Na shiga banɗaki na kulle.

Ga tambayata. Kayan sun tafi, faɗa ba zai dawo da su ba. Idan na yi magana, na san 'yata, za ta iya hana ni yarinyar nan har abada, kuma ba ta da mai taimakonta sai ni. Yarinyar ma a kafaɗata kaɗai take yin barci. Ashe ba zai fi wa kowa ba in haɗiye abin nan, in roƙi Allah gafara ni da shi? Niyyata lafiyar jikata ce. Ki faɗa mini ban yi laifi ba, ko ki faɗa mini yadda zan yi.

Uwar da ke nesa da gida

*

Ya ke 'yar'uwa,

Na tura miki amsar nan kai tsaye tun kafin a buga, domin Asabar ba ta da nisa.

Bari in fara da abin da yake naki. Kin ga ƙazuwa, kin san ta, kin yi abin da hannunki ya saba yi shekara da shekaru. Ba mugunta ba ce. Kin tsallaka rabin duniya don wani al'amari da ba ki so da fari, kuma a kafaɗarki jaririyar take samun barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada kowa ya rage miki shi.

Amma 'yarki ta faɗa miki abin da take so a yi da kayan 'yarta, kika ji, kika yi naki. Leda da aka ɗaure ba ta harbin kowa, ke kin fi ni sani. Wannan kuskure ne, kuma ana yafe irinsa. Abin da ya biyo baya shi ne mai nauyi. Kin ce ba ki yi ƙarya ba. Da ɗaya daga cikin 'ya'yanki ne ya fasa tagar maƙwabta, ya yi shiru aka doki wani yaro, me za ki kira shi? Akwai mace a Nanchang da ta rasa abincinta saboda rigar da ta yi ƙoƙarin ceto sau biyu. Ke da kika yi aikin wanki kin san wanda ake fara kamawa idan abu ya ɓace. Neman gafarar Allah wajibi ne, amma ba shi zai mayar da ita bakin aiki ba.

Don haka ki faɗa wa Rhonda yau. Kada ki jira cikin jirgi inda babu wurin da za ta je ta huce. Ki roƙi wata daga cikin ayarin ta riƙe yarinyar na ɗan lokaci. Ki faɗa a taƙaice: ni na ba da kayan, matar ta hana ni, na ƙi, kuma na yi shiru. Kada ki ambaci ƙazuwa, ta sani. Kada ki ce amma. Idan ta yi ihu, ki tsaya ki sha. Sannan ku bugo wa Mista Peng tare, Rhonda ta janye ƙararta a rubuce, ke kuma ki rubuta abin da ya faru da sa hannunki, ya fassara wa otal ɗin. Ki nemi sunan matar, domin na lura ba ki san shi ba. Ba zan yi miki alkawarin za su mayar da ita ba. Idan sun ƙi, ku tambayi Mista Peng hanyar da za ku taimaka mata, kuma ko yaya aka yi, saƙon ban haƙurinki ya isa hannunta.

Tsoronki na rasa jikarki ba na banza ba ne. Wataƙila Rhonda ta yi watanni ba ta yi miki magana ba. Amma idan kika yi shiru, duk ranar da ta ba 'yarta labarin muguwar matar da ta zubar da rigarta, kina zaune a wurin za ki gyaɗa kai. Ba na jin mace irinki za ta iya wannan tsawon shekaru.

Shirun yarinyar kuwa baƙin ciki ne. Ta rabu da duk wanda ta sani, har da warinsu. Ku sake kai ta wurin likita kan rashin cin abincin kafin tafiya. Ku daina bin bas, ba dole ba ne. Ku zauna a ɗaki, ku kira ta Dongmei, kuma idan ta yi laushi a kafaɗarki ki miƙa ta ga uwarta, ko da za ta farka. Da uwarta take buƙatar sabawa, ba da ke ba.

Abu na ƙarshe. Kin ce kin ture rigar, amma kin kwatanta mini ita har da hannun da ya fi tsawo da kifin da ke cikin wuya. Rhonda ba ta taɓa ganin kifin nan ba. Wata mace ta zauna ta ɗinka shi a inda zai taɓa fatar yarinyar, kuma a cikin danginku ke kaɗai kika gan shi. Wata rana Dongmei za ta tambaya ko akwai wanda ya so ta kafin ku zo. Amsar tana wurinki, amma muddin kina cewa ba ki san yadda ledar ta ɓace ba, ba ki da bakin ba ta.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sassauta ta 'yarki, ya buɗe wa waccan baiwar tasa ƙofa, ya kawo ku gida lafiya ku uku.

Lucille