Ranar da Na Yi Magana a Lasifika

Nuzla, Jidda,
Shawwal, 1429.

Zuwa ga mahaifiyata Inno,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya Baba da ciwon ƙafarsa? Yaya su Hussaini? Barkanmu da sallah. Mu nan lafiya lau, sai dai wani abu ya faru da nake so ki ji daga wurina, kafin Kawu Lado ya ba ki labarin a waya ya ƙara masa gishiri.

Washegarin sallah Jabiru ɗan Kawu ya zo da tikitin wasan kiɗa, ubangidansa na tashar jiragen ruwa ne ya ba shi. A nan ba a barin samari su shiga irin wurin su kaɗai, sai da iyali. Shi ya sa ya yi ta lallashinmu, har kwanuka ya wanke wa Anti Zubaidatu, matar Kawu. Kawu ya ƙi da farko, don kin san tun da bizar umararmu ta ƙare ba mu da iƙama, wato takardar zama, kuma duk inda taro yake akwai 'yan sanda. Daga baya ya ce yalla, mu je, ai sallah ce.

Inno, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. A wani babban zaure aka yi, kusa da teku, bayan la'asar. Makaɗan 'yan Filifin ne masu gashi har kafaɗa, jitarsu tana ƙara kamar injin niƙa. Fitilu ja da kore suna juyawa, hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashin ƙafafunsu, gangar kuwa a ƙirjina nake jin ta. Kawu ya toshe kunnuwansa da yatsu, Jabiru yana ta tsalle. Ni dai na riƙe abayar Anti gam.

Can sai tartsatsin wuta ya tashi sama a gaban makaɗan. Mutane suka yi ihu suka turo, hannuna ya suɓuce. Na lalubo abayar na sake riƙewa, na bi ta har bakin ƙofa. Da matar ta juyo sai na ga zobban zinariya a yatsunta. Ba Anti ba ce. Na waiga, mata duk baƙar abaya da niƙabi, ban san wa zan kama ba.

Ta yi mini Larabci, ni kuwa Larabcina bai wuce na sayen burodi ba. Sai ta kama hannuna ta nufi wani mutum mai kaki. Na ce a raina halas, shi ke nan, yau a gidan da ake tara waɗanda za a kora zan kwana, kuma za su tambaye ni inda nake zaune, in ja wa Kawu da iyalinsa. Ban san lokacin da na ce wayyo Inno ba.

Matar ta tsaya cak. Ta sunkuyo ta tambaye ni da wata karkatacciyar Hausa, wai ni ɗan wane ne. Sunanta Mastura, a unguwar Safa take, a nan aka haife ta, kakarta ce ta zo daga Katsina da ƙafa. Ta gaya wa mai kakin ni 'yar ƙanwarta ce. Ashe ma mai gadin zauren ne.

Da magariba ta yi aka tsayar da kiɗa, aka kunna fitilu farare. Mai gadin ya yi cigiya a lasifika da Larabci, ya kira sunan Kawu, ya sake kira. Shiru. Mastura ta yi dariya, ta ce wane marar takarda ne zai fito don Balarabe ya kira sunansa? Sai ta miƙo mini abin maganar.

Inno, ni da ko gaishe da baƙi sai kin tura ni. Na rufe ido na ce, Kawu Lado, ni ce Bashira, ba kamu ba ne, ku zo ƙofar mai askirim. Muryata ta cika zauren har na tsorata da ita. Daga can nesa wani ya ɗaga murya ya ce, to Lado, ka ji ba kamu ba ne, sai ka fito! Dariya ta tashi ta ko'ina. Ban san Hausawa sun kai haka a wurin ba.

Kawu ya iso yana haki, takalminsa ɗaya ya ɓace. Bai yi mini faɗa ba, ya dai dafa kaina. Sai a mota Anti ta raɗa mini cewa tun kiran farko ya taso, cunkoso ne ya tsare shi. Kafin ya taso sai da ya ba ta makullin ɗaki da wayarsa, ya ce su wuce gida kada su jira shi, ba zai bari a tafi da ni ni kaɗai ba.

Don Allah in ya kira ki, ki yi masa godiya, ni na kasa. Ki gaishe da Baba da kowa da kowa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Bashira.