Kumburin Cikin 'Ya'yan Tarwaɗa da na Bilki

Malam, don Allah ka taimake ni, tsoro ya hana ni sakat.

Ni malamin firamare ne a Faskari. Da aka shiga kiran a ciyar da ƙasa, kowa ya kama kaji, ni kuwa na sayi siminti na gina kwatami a bayan gida don kiwon tarwaɗa. Farkon damina na tafi wani tafki wajen Sabuwa, na ɗebo ciyawar da ƙwan kifi ya manne mata. Sai daga baya na ji cewa Maguzawan wurin ba sa taɓa ruwan nan sai ranar kamun kifi, in dattijonsu Baba Audi ya buɗe. Wallahi ban sani ba. Ko kuwa na taɓa ji na yi watsi da shi? Ni kaina ban tabbata ba.

Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kamar gashin ido, kowanne da kumburarren ciki. Na zuba dusa, ko kallonta ba su yi ba. Kullum da safe ina rubuta abin da na gani. Da suka fara baƙi suka fid da gemu, sai suka shiga raguwa, ba gawa, ba alama. Na rufe da raga saboda tsuntsaye, bai hana ba.

A tsakanin nan ɗiyata Bilki, mai shekara huɗu, ta kama zazzaɓi, cikinta ya ɗaga ta gefen hagu. Uwarta ta ce cikin kifin ne ya komo kan yarinya, iskokin ruwan ne ke kwashe kayansu ɗaya ɗaya, in sun ƙare kanta za su juyo. Ta hana a kai ta asibiti, wai allura na tunzura su. Na yi sakandare, da bakina nake koya wa yara kimiyya, amma yanzu in na leƙa kwatamin gabana faɗuwa yake. Kifin saura kaɗan. Yaya zan yi?

Mai Fargaba, Faskari

Malam Mai Fargaba,

Ka ajiye jaridar nan ka kai Bilki asibiti yau. Zazzaɓin sauro da ya daɗe yakan kumbura saifa, ita kuwa a hagu take. Likita ne zai tabbatar, kuma jinkiri ne abin tsoro.

Kumburin 'ya'yan kifinka ba cuta ba ne. Gwaiduwar ƙwai ce, guzurin da Allah Ya haɗo su da shi, ba sa cin komai sai ta ƙare. Dusa ta fi ƙarfin bakinsu, ruwa kawai ta ɓata. Ɓacewar kuwa, duba cikin waɗanda suka fi girma. Tarwaɗa in ta ji yunwa ƙanenta take haɗiyewa. Ware manya daban, ka riƙa sauya ruwa, ka murtsuke musu gwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan kaɗan.

Kada ka yi wa maiɗakinka dariya ko faɗa. Uwa ce, abin da idonta ya gani ta haɗa. Kuma tana da gaskiya a wuri ɗaya: ka shiga ruwan mutane ba sallama. Hana taɓa ruwan a lokacin da kifi ke ƙwai ba wauta ba ce. In an ga likita, ka ɗauki goro ka je ka ba Baba Audi haƙuri. Ka yi mata wannan alkawari tun yanzu, ita kuma ta goya yarinya ku kama mota tare.

Allah Ya ba Bilki lafiya, Ya kwantar muku da hankali.