Ni Na Kashe Idanun Ƙofar Gareji, Direba Aka Kora

Malam Dabo, mai filin shawarwari,

Kai da masu karatunka, wa ya taɓa riƙe takardar da bai iya karantawa ba, yana gyaɗa kai gaban mutane? Ni na yi, ka taimake ni.

Gyaran rediyo nake a Illela. Ban taɓa zama aji ba, da guntayen jaridu na koya wa kaina boko, kuma duk wanda ya raina karatuna sai ya ji bakina. Alhaji Junaidu, ɗan kasuwa, ya kawo wata ƙofar gareji daga Kwatano mai tashi da sauka da rimot. A gindinta akwai 'yan idanu biyu, dama da hagu. Watan jiya rimot ya mutu, ƙofar kuma in ta fara sauka sai ta koma sama. Aka kira ni.

Rimot ba wuya, tsatsa ce wajen batir, na kankare. Ƙofar ce ta gagare ni. Alhaji ya miƙo mani takardarta gaban mutanen zaurensa, yana yabona wai ni ne mai karatu. Ashe Faransanci ce. Ga Kwanni ta Nijar nan kusa, cike da masu iya ta, amma mi zan ce? Na yi ta juya shafi kamar ina fahimta. Na ce idanun ado ne, na yanke wayarsu na haɗe. Ƙofa ta rufe, aka yi ta sa mani albarka.

Ranar kasuwa Kubra, mai kawo nono daga rugar Tozai, ta zauna inuwar bakin garejin kamar kullum. Direba Na'Allah ya danna rimot daga zaure, don ya saba ƙofar na tsayawa in akwai mutum. Kubra ta ji ƙara ta kauce, ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryarta, ƙofar ta danne hannun. Karaya biyu. Alhaji ya kori Na'Allah, bayan shekara tara yana tuƙa shi.

Sai bayan haka na kai takardar can Kwanni, wani malamin makaranta ya karanta mani. Shafin farko, jan rubutu: kada a cire idanun. Na koma na leƙa a ɓoye, ashe zanzaro ne ya yi gini kan ido ɗaya. Da tsinke ma an gama aikin.

Haushin Alhaji nake ji, mi ya kai shi gwada ni gaban jama'a? Amma Na'Allah da kansa ya zo rumfata yana cewa laifinsa ne, na kasa kallonsa. In na faɗa, babu mai sake kawo mani rediyo. Ka amsa mani a jarida, kowa ya gani.

Mai gyara, Illela

Ɗana,

Ban ga kana cewa ka mayar da wayar ba. Fara da wannan, yau, kafin ƙofar ta sami wani. Ka goge idon, ka gwada da kwali ƙarƙashin ƙofar, ko ka ɗauko wanda ya sani daga Sakkwato.

Alhaji ya yi gaggawar kora, Na'Allah ma ya kamata ya duba kafin ya danna. Amma Alhaji yabonka ya yi, ba tarko ya ɗana maka ba. Rashin iya Faransanci ba abin kunya ba ne, ni ma ban iya ba.

Ka fara samun Na'Allah, shi ya fi cancantar ji. Ku tafi tare wajen Alhaji da takardar, a zauren da aka yabe ka. Sannan ka je Tozai ka nemi gafarar Kubra da mijinta, ka tsaya kan jinyarta. Wasu za su ɗauke rediyonsu, wasu za su dawo.

Ka nemi amsa a fili, ga ta. Ni ma a fili nake son tawa: ka rubuto mana, da sunanka, ko Na'Allah ya koma bakin motarsa. Allah ya ba Kubra lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya.

Malam Dabo