Ƙwayoyin Mama da Maman Eva

Yaya Vandi,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Jiya kana Maiha na kai Mama asibiti. Likita ya ce jijiyoyin jininta sun yi tauri, jinin kuma ya ƙi sauka. Ashe raba maganinta take yi da Maman Eva ta zumuntar mata, yau ta sha, gobe ta ba ta. Wai ba za ta iya sha ita kaɗai ba, 'yar'uwa na fama da ciwon kai.

Don Allah ban da faɗa, na san ka. Ka ba ta da hannunka, ka tsaya sai ta haɗiye.

Maman Eva za ta zo karɓar nata da hantsi. Kada ka kore ta, ka kai ta asibiti. Ita ko auna ta ba a taɓa yi ba.

Rut