Jakar Habu ta isa Kano, shi bai isa ba

Assalamu alaikum. Admin, ka ɓoye sunana. Jama'a, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Abokina Habu ya ɓace a nan Riyad, wata bakwai ke nan. Ni na haɗa jakarsa na tura wa matarsa a Kano. Sunayen da zan kira duk na canza su.

Shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan. Da bizar direba na shigo, muka saɓa da kafil ɗina, Balaraben da ya ɗauko ni aiki, na gudu, ya kai sunana hurub, wato wanda ya tsere wa maigidansa. Tun daga nan ba ni da igama, wato takardar izinin zama. Wani dattijo a unguwar Manfuha ya ɗauke ni, kowa Baba yake ce masa. Ba zan yi muku ƙarya ba, aikin gidan Baba ba na halal ba ne. Takardun bogi, ɓoye 'yan aikin da suka gudu, kai mutane gari zuwa gari ta hanyar da babu shinge. Ni tuƙi nake. Mun kai ashirin, duk Juma'a in an sauko masallaci a tire ɗaya muke cin shinkafar kabsa a gidansa. Ya ce mu 'ya'yansa ne, mu ma haka muka ɗauka.

Baba yana da wata al'ada. Duk wanda aka kama aka kai tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, da kayan jikinsa kawai yake sauka Kano. Baba ya ce nasa ba zai shiga gida hannu rabbana ba. Sai a sayi sabuwar jaka a kasuwar Batha, a zuba kayan mutum, a ƙara dabino da darduma da turaren da matarsa take so, a tura ta kargo. Ba mai buɗe jakar sai mai ita, ranar da ya dawo, ya raba tsarabarsa da hannunsa kamar kowane matafiyi. Matanmu duk sun san wannan, in jaka ta iso, miji yana hanya. Ni nake haɗa jakunkunan, don na iya ɗauri kuma ba ni da surutu. A zamanin Baba na haɗa da yawa, kuma kowa sai ya kira ni daga gida ya ce jaka ta iso, Allah ya saka.

Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ƙanensa, wanda muke kira Kawu, ya ce shi ne babba. Ɗan Baba, Nasiru, ya ce gidan ubansa ne. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya a gabanmu ba. Ran Juma'a Nasiru zai durƙusa ya gaida Kawu, Kawu ya tura masa tsokar nama gabansa. Amma a waje kowa yana jan mutane ɓangarensa, wannan ya ce wancan yana ƙwace masa kwastoma, wancan ya ce wannan yana kai rahoto. Ana haka direban Kawu ya fita da safe bai dawo ba. Aka ce an kama shi, aka ba ni jaka, na haɗa. Bayan wata biyu Ɗanjuma, na hannun daman Nasiru, shi ma haka. Na haɗa. Cikinsu ba wanda ya kira ni daga gida. Na lura, na yi shiru.

Habu shi bai iya shiru ba. Ɗakinmu ɗaya shekara tara, shi ya yi jinyata lokacin da mota ta kife da ni, don ba asibitin da zan je ba takarda. Wata Juma'a ana cikin ci ya ce, "Wai Kawu, Ɗanjuma a ƙasa ya tafi ne? Uwarsa ta kira ni, ta ce jaka ta yi wata uku, shi ko ƙeyarsa ba ta gani ba." Wasu suka fara dariya, suka ga ba mai taya su, suka daina. Kawu ya ce, "Ci abinci Habu, shinkafa tana hucewa." Nasiru bai ɗago kai ba.

Ran Litinin mai shagon da muke sayen jaka a Batha ya tsayar da ni ya miƙo min sabuwa, ya ce daga gidan Baba aka aiko, in tafi da ita. Ban tambayi ta wa ce ba, ban taɓa tambaya ba. Na jefa ta a but ɗin mota. Ran Talata bayan la'asar aka kira Habu a waya, ya ce zai kai wasu mutane bayan gari ya dawo, in rage masa shayi. Ran Laraba Nasiru ya ce min an kama Habu, Kawu ma ya ce haka, karon farko da bakinsu ya zo ɗaya. A nan na tuna da abin da ke cikin but. Jaka ta riga kamun da kwana ɗaya.

Duk da haka na haɗa ta. Ku zage ni, na cancanta. Na ninke rigunansa, na sa 'yar tsanar da ya saya wa 'yarsa Ummi, na sa dabino da turare, na ɗaure, na rubuta sunan matarsa Rabi. Daga baya na sa wani ɗan Sudan mai hanya ya duba min a tarhil, ya ce ba mai wannan suna, ba mai wannan kama. Ban ga gawa ba, ban ga jini ba, ban san wane ne cikin su biyun ba. Iyakar abin da na sani ke nan.

Rabi tana kirana duk Juma'a. Ba ta kuka. Ta ce ta sa an yi wa ɗaki fenti. Ta ce jakar tana gefen gado ba ta taɓa ta ba, Ummi ce kawai take hawa kai tana cewa jakar Abba. Makon jiya ta ce, "Yaya, dabinon nan fa ya fara wari, ƙwari suna fitowa ta zif. In buɗe ne ko in ƙara jira? Kar ya zo ya ce na yi masa azarɓaɓi." Na ce ba na jin ta sosai, na kashe.

In na faɗa mata, me zan ce? Ya mutu? Ban gani ba. In ta yi takaba a kan maganata, ya zo ya bayyana fa? In kuma na yi shiru haka za ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Yayyenta kuma ba za su haɗiye ba, gidan su Kawu na Kano za su nufa, kowa zai san daga bakin wa maganar ta fito. Ina da mata da yara huɗu a Kano, a unguwar da mutanen Kawu suka sani. 'Yan sanda kuwa, ni mai hurub ne, na yi shekaru ina tuƙa abin da na faɗa muku, ni za a fara rufewa, kuma hujjata jaka ce kawai. Na gaji wallahi. Ko tsoron ma ba na ji kamar da.

Juma'ar da ta wuce muna wanke hannu, Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsohon direba, ka yi shiru kwana biyu. Wai ita uwargidan taka wane turare take so ne?" Na ce ban sani ba. Ya yi dariya ya ce miji guda bai san turaren matarsa ba. Wataƙila hira ce. Amma ni na san lokacin da ake yin wannan tambayar a gidan nan. Ban koma ɗaki ba.

Yanzu ina wani gareji a Gubaira, ina kwana cikin wata mota da ba ta da taya, da kayan jikina na fito. Matata na riga na kira ta, na ce in jaka ta zo mata kar ta jira ni, ta buɗe a ranar. Ta ce me ya sa, na ce kar dabino ya lalace. Rabi ce na kasa. Gobe Juma'a, in an sauko masallaci za ta kira. Malamai da masu hankalin cikinku, ku faɗa min, in ce mata ta buɗe?