Gyara a jawabin wistariya

Dalton,

Na fita da wuri, akwai zaman kotu ƙarfe takwas. Kafin ka tafi taron ƙungiyar masu lambu, ga gyara ɗaya a jawabinka.

Ba takin kifinka ne ya sa wistariyar, shukar nan mai yaɗo a barandarmu, ta yi fure ba. A watan Oktoba, lokacin da ka je Savannah wajen ƙanwarka, bututun ruwa ya fashe. Mai gyaran famfo, Mista Odell, ya haƙa rami a gindinta, ya datse kusan rabin saiwoyin. Na ce masa yau ya kashe mini miji. Ya ce, "Haba madam, wannan ai gata ne ya yi mata yawa. Ki bar ta da yunwa, ki sha mamaki."

Na mayar da ƙasar, na rufe da ciyawa. Tun daga ranar, abin da ke cikin jarkar takinka ruwa ne da ɗan kofi. Ka ce warin ya ragu, na ce sabon samfuri ne.

Shekara goma sha ɗaya kana ba ta taki, tana ba ka ganye. Odell ya wulaƙanta ta na awa biyu, ga furanni har kan rufin baranda.

Ka yi haƙuri. Na so in faɗa maka tuntuni, sai na ga kana ta kiran mutane su zo kallo.

Ka cire shafi na biyu da na uku, inda ka yabi takin. Sabuwar sakatariyar ƙungiyar matar Odell ce, kuma a layin gaba take zama.

Lorraine